Gwajin Kilishin Malam Shu'aibu

Maganar daga Ngueli ta fara, a bakin gadar da ke kan iyaka. Wani mai babur ya sauko daga gada da buhu biyu na nama a bayansa, ya kauce wa amalanke, ya faɗi. Buhu ɗaya ya yage. A cikin tsokar da ta zube a kwalta, mutane suka ga ƙafar jaki da kofatonta. Kafin jami'ai su iso, mutumin ya ɗaga babur ɗinsa ya juya Kousseri, garin da ke hayin gada, ya bar buhun a nan.

Ba wanda ya san inda aka nufa da naman. Amma kowa a unguwar Milezi ya san Malam Shu'aibu mai kilishi daga hayin gada ake kawo masa nama, a buhu, a bayan babur. Matan ofis da ke saya su aika wa 'ya'yansu a ƙasashen waje suka daina aiko da direba. Direbobin Nijar da ke tsayawa a ɗaure musu guzuri suka koma wucewa da sallama kawai. Sarkin fawan Hausawan garin, Alhaji Abdoulaziz, ya aiko a dakatar da shanya, kuma Malam Shu'aibu ya zo zaurensa ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. A can za a yanke ko zai ci gaba da sana'ar da ubansa ya zo da ita daga Damagaram, ko a cire sunansa daga cikin mahauta.

Autarsa, Hamdiyya, tana aiki a wani ɗakin binciken lafiyar dabbobi, tana kuma rubuta kundin digirin dokta a kan yadda tsokar shanu ke zagwanyewa da rani. Da ta dawo daga aiki ranar da saƙon ya zo, ta tarar da gadajen kara da ake shanya nama a jingine da bango. Yayanta Junaid, mai shagon waya a unguwar Atrone, yana zaune a kan turmi. Inna Haoua tana tsince shinkafa. Baban yana kan tabarma, bai ɗaga kai ba.

"Yauwa, ga Dokta," in ji Junaid. "Ba ke kika ce kina da maganin da yake gane nama ba?"

"Ban zama dokta ba tukuna, Yaya. Kuma ba magani ba ne."

"Da Babbar Sallah, a tsakar gidan nan, kina riƙe da cinyar rago kina mana lacca har miya ta huce. Inna ce shaida."

"An yi haka," in ji Inna.

An yi haka ɗin. Ranar ta gaya musu cewa a cikin kowace tsoka da ke manne da ƙashi akwai wasu siraran zaruruwa da ake kira aktin, da wasu masu kauri da ake kira miyozin. Miyozin yana kama aktin yana ja, kamar hannuwa suna jan igiyar guga, shi ne tsoka take tsukewa, ƙafa ta taka, hannu ya ɗaga. Ta kuma ce a firij ɗin wurin aikinta akwai wata 'yar kwalba da aka yo oda daga Turai, mai ɗauke da antikor. Antikor wani abu ne da jiki ke yi don ya cafke baƙon abu. Nata daga jinin zomo aka samo shi, kuma ba abin da yake cafkewa sai aktin ɗin tsoka. Ko a cikin me aka ɓoye shi, in ji ta a ranar, sai ya nemo shi. Abin da ya zauna a kan mutanen gida shi ne wannan jumlar ta ƙarshe.

"Tsoka yake ganewa," ta ce yanzu. "Ba ya gane dabbar da ta fito daga jikinta. Aktin ɗin saniya da na jaki da naka, Yaya, duk kusan abu ɗaya ne."

"Ni kike haɗawa da jaki?"

"Ni ma ina ciki."

"Ki ji ta, Inna. Shekara nawa ana kai ta lakkol karatun boko da kuɗin kilishi, yau kilishi yana neman shaida, ta ce ilimin bai kai nan ba."

"Akwai gwajin da yake bambancewa. Ba mu da kayansa. In an yi oda yau, sai bayan wata da watanni."

"Juma'a fa ba ta jiran oda."

Inna ta ajiye faifai. "Ke dai ki gwada mana. Me zai ragu a jikinki? In bai nuna ba, shi ke nan, mun san mun yi."

Hamdiyya ta dubi Baba. Yana murza hannunsa na dama da na hagu, bai ce ta yi ba, bai ce ta bari ba. Ta yi tunanin magana ba za ta shiga ba, amma ido zai shigar da ita. Za ta sa saniya, ta sa kilishin gida, ta sa jaki, su ga layukan da idonsu su bar ta ta huta. Ta ɗauki busasshen nama guda daga ragowar shanyar baya, wanda ba a riga an tsoma a tunkuza da yaji ba, ta naɗe a takarda.

A ɗakin bincike, abokiyar aikinta Ilham ta tsaya tana kallonta tana daka naman a ƙaramin turmin tangaran.

"Yau kuma miya za mu yi?" ta tambaya da Larabcin gari.

Hamdiyya ta gaya mata. Ilham ta ɗauko kwalin antikor ɗin daga firij, ta nuna mata rubutun Faransanci da ke gefe, wanda dukansu suka sani: don bincike kaɗai, ba don yanke hukunci a kan mutum ko dabba ba.

"Na sani. Ba hukunci zan yanke ba. Nuna musu zan yi cewa ba ya yankewa."

"Ya ahti, mutumin da ruwa ya ci, in kika miƙa masa takarda kika ce karanta ka ga ba igiya ba ce, kamawa zai yi."

Duk da haka Ilham ce ta buɗe firiza ta nemo mata guntun tsokar wani jaki da likitocin dabbobi suka buɗe bayan ya mutu a damina. Hamdiyya ta narkar da samfuran uku, ta ɗiga kowanne a raminsa a kan farantin nan mai laushi da suke kira jel, ta kunna wuta. Lantarki ya ja abubuwan da ke cikin naman suka gangara, masu nauyi a sama, marasa nauyi a ƙasa. Ta kwashe su a kan farar takarda ta musamman, ta zuba antikor, ta bar takardar ta kwana a firij. Abin da ya rage a kwalbar kaɗan ne, kuma gwajin shanun rani na kundinta bai ƙare ba. Ba ta tsaya a kan wannan ba.

Washegari da hantsi layukan suka fito. Uku ne, baƙaƙe, a jere, a tsayi ɗaya, kauri ɗaya, daidai inda aktin yake zama. Ta rubuta a saman kowanne da alƙalami: saniya, kilishi, jaki. Aikin ya yi kyau fiye da yawancin na kundinta. Ta ɗauki hoto ta tura wa Junaid, ta bi shi da saƙon murya mai tsawo, tana bayani a hankali kamar mai koya wa ɗan aji ɗaya. Alamar waya ta nuna ya buɗe hoton. Saƙon muryar bai buɗe ba.

Bayan azahar hoton ya dawo mata, daga wata gwaggonta da ke aure a Kousseri. Layi biyu ne a jikinsa. An yanke gefen dama da kyau, ba a taɓa rubutun hannunta ba: saniya, kilishi. A ƙarƙashi akwai muryar Junaid, da Hausa sannan da Larabci, yana cewa an kai kilishin Malam Shu'aibu labo, ɗakin bincike, Dokta Hamdiyya da kanta ta gwada da maganin Turai, ga na saniya ga na Malam, mai ido ya duba. Gwaggo ta ƙara nata: Allah ya yi miki albarka, kin fitar da mu kunya.

Ta kira Junaid, bai ɗauka ba. Kafin ta tashi daga aiki hoton ya shigo mata ta wuri huɗu, har da zauren Wasap na tsofaffin ɗaliban ajinsu.

A Milezi ta tarar da ƙofar gida cike da takalma. Maƙwabta mata suka tarbe ta da guɗa. Wata ta kama hannunta ta ɗaga kamar an yi dambe an ci. Direban wata Hajiya yana tsaye a waje yana tambaya yaushe za a koma shanya. Ta ratsa su ta sami Junaid a bayan ɗakin girki yana shan shayi.

"Ina layi na uku, Yaya?"

"Bai shiga allo ba. Wayata ƙarama ce."

"Kai da kake sayar da waya."

"To, na yanke. Ƙarya na yi? Layi biyun nan iri ɗaya ne ko ba iri ɗaya ba ne?"

"Iri ɗaya ne. Na jakin ma haka."

"Wa ya tambaye ki jaki? Mu saniya muke magana." Ya kurɓi shayi. "Ke kina zaune a ɗaki mai sanyi kina ɗiga ruwa a kwalba. Ni ne na ga Baba ya fita masallaci jiya, mutumin da suke sahu ɗaya tun ban san kaina ba, ya matsa ya bar gurbi a tsakaninsu. Yau da la'asar shi ya fara miƙo masa hannu. Je ki gaya musu. Ga su can a tsakar gida, ki ce musu ku mayar da guɗarku."

Ba ta je ba. Ta shiga ɗaki, suka biyo ta har can da addu'a.

Ranar Alhamis da safe ta sami Baba shi kaɗai a rumfar aiki, yana wasa wuƙa a dutse ko da yake ba naman yankawa. Ta gaishe shi ta zauna a ƙasa. Da yake sunan mahaifiyarsa aka sa mata, ba ya kiran sunan.

"Uwata, an ce kin wanke ni."

"Ban wanke ka ba, Baba."

Ta nuna masa hoton da ba a yanke ba. Ya riƙe wayar nesa da fuska, ya daɗe yana dubawa. Ba ya karanta boko, ta karanta masa kalmomin uku.

"Wato shi wannan abin naku, jaki da saniya duk ɗaya ne a wurinsa."

"Abin da yake nema ne ɗaya a jikinsu. Da shi saniya take tafiya, da shi jaki yake ɗaukar kaya. Allah bai canza shi ba daga wannan dabba zuwa waccan."

"Ikon Allah." Ya miƙa mata wayar. "To, ke me kika gani? Bar na'ura. Ke."

"Ni ban sani ba, Baba. Kai zan tambaya."

Ya ajiye wuƙar. Ya zare hannun riga ya nuna mata damtsensa na dama. Ta san yana ciwo, amma ba ta san ya sirance haka ba. Fatar ta yi yawa a kan abin da ke ciki.

"Tun da wannan ya fara, ban ƙara kayar da sa ba. A da ni nake zaɓa, ni nake tsayawa a yanka, ni nake fiɗa. Yayanki ya ce shi ba zai yi warin jini ba. Sai wani mai babur, Nafiou, ya ce zai riƙa kawo min daga hayi, an cire ƙashi, an cire kitse, jan nama zalla, yadda mai kilishi yake so. Da ƙashi da kitse ake gane dabba. Sun cire min duk abin da zan duba. Hanci kuwa, tun zazzaɓin korona ko yajin da nake haɗawa ba na ji."

"Ka tambayi Nafiou?"

"Ya rantse. Shi ma a buhu ake ba shi." Ya sauke hannun rigar. "Zuciyata tana ce min saniya ce. Amma zuciya ba ta tsaya a mayanka ba."

A waje wani mai kilando, babur ɗin haya, yana ta danna oda.

"Sarki ya aiko," in ji shi. "Ya ce gobe a zo da ke."

"Baba, in suka tambaye ni..."

"Ban taɓa sa ki ƙarya ba, ba kuma zan fara da furfura ba. Kada ki yi ƙarya, Uwata." Ya ɗauki wuƙar ya gwada kaifinta a farce. "Amma kada ki kashe ni a gaban 'ya'yan abokaina."

Zauren Alhaji Abdoulaziz ba ya ɗaukar mutane da yawa, ranar kuwa har bakin titi. Mahauta ne da masu tsire da masu kilishi, da wasu 'yan kasuwa da ba abin da ya haɗa su da nama sai son ji. Mata ba sa zama a nan. Aka kawo wa Hamdiyya kujerar roba aka ajiye a bakin ƙofar da ke shiga cikin gida, rabi a zaure rabi a waje. Bayanta matan gidan sun taru a soro na biyu, hanyar ta toshe. Ta ɗora jakarta a cinya. Wayar tana ciki.

Sarkin fawa ya buɗe da addu'a. Ya ce abin da ya faru a Ngueli ba Shu'aibu kaɗai ya taɓa ba. Masu tsire suna kwana da kaya. Larabawan gari da ke cewa naman Bahaushe ba a tambaya, yanzu suna tambaya. Sannan ya ba Zubair dama, shi ne mai kilishin da ya fara kai ƙara.

Zubair ya miƙe. Bai yi kama da mai neman faɗa ba. Ya rame, kuma ya fi kowa gajiya.

"Ranka ya daɗe, ni ba gaba nake da Malam ba. A hannunsa na koyi buɗe tsoka. Amma tun ranar nan ban sayar da ko na ɗanɗano ba. Na ce a bincika ne don mu san inda muke. Yanzu an ce an bincika." Ya juya wajen ƙofa. "Malama, hoton nan da yake yawo, ke kika yi shi?"

"Ni na yi gwajin."

"Rubutun hannunki ne?"

"Nawa ne."

"Layin saniya da layin kilishin Malam, akwai bambanci?"

"Babu. Amma ku bari in yi bayani." Ta gyara lafayarta, ta ɗaga murya yadda na waje za su ji. "Ranka ya daɗe, gwajin nan ba ya nuna irin dabba. Abin da yake nunawa kawai shi ne akwai tsoka. Kowace dabba aka sa, haka layin zai fito. Bai isa shaida ba."

Sai wani tsoho mai tsire a kusurwa ya yi dariya.

"Kun ji 'yar gidan mutunci! Namu 'ya'yan in sun gyara fitila sai unguwa ta ji. Ita ta yi aikin Turawa tana cewa bai isa ba."

"Alkunya ce," in ji wani. "Wace ɗiya ce za ta tsaya a gaban maza ta yabi kayan ubanta?"

"Ba alkunya ba ce," ta ce. "Ko naman jaki aka sa..."

"A'uzu billahi," in ji Sarkin fawa, ya ɗaga hannu. "'Yata, sunan dabbar nan ya isa haka a zauren nan. Mun ji shi har ya fita mana a hanci."

"Ranka ya daɗe, abin da nake cewa shi ne na'urar ba ta bambancewa."

"Mun ji. Ilimi na Allah ne, ba wanda ya ce na'ura ta san gaibu. Likita ma in ya duba ka cewa yake in sha Allahu." Ya dubi jama'a. "Haka malamai na gaskiya suke. Ba sa cika baki."

Junaid, daga inda yake tsaye a jikin bango, ya ce, "Haka take tun tana ƙarama, ranka ya daɗe. Ta zo ta ɗaya a aji, ta ce wai sauran ne ba su da lafiya."

Aka yi dariya sosai, har da matan da ke bayanta. Wata ta dafa kafaɗarta.

Zubair bai yi dariya ba. Yana kallonta, kuma ta ga alamar ya ji wani abu. Ya buɗe baki, ya dubi Malam Shu'aibu da ke zaune a gaban Sarki da hannun dama a cikin na hagu, ya dubi mutanen da ke bakin titi.

"Malama," ya ce a hankali, "tambaya ɗaya. A cikin abin da kika gani da idonki, akwai abin da ya nuna naman Malam ba saniya ba ne?"

"Babu. Amma babu kuma abin da..."

"Kalas, shi ke nan," in ji Zubair. Ya zauna. "Ni na janye."

Hannunta yana cikin jaka. Yatsanta yana kan wayar. Ta san abin da ya rage: ta fito da ita, ta buɗe hoton mai layi uku, ta miƙa wa na kusa da ita. Mutanen da ba su ji magana ba, za su ga layi, don layi ne ya kawo su. Zai bi hannu hannu har ya isa wurin Sarki, a karanta masa kalma ta uku. Daga nan ba za a tsaya a kan cewa ba a sani ba. Za a ce gidan Shu'aibu sun yanke hoto, kuma ba a yanke abu sai da dalili.

Baba bai waiwayo ba. Ƙeyarsa kawai take gani, da hular da ta yi masa yawa.

Sarkin fawa ya tambaya ko akwai mai sauran magana. Ya jira. Hamdiyya ta faɗi gaskiya sau uku a gaban shaidu, ba wanda zai ce ba ta faɗa ba. Ta kuma san ta faɗe ta ne ta hanyar da ba ta shiga, ta riƙe hanyar da take shiga a cikin jaka.

"To, alhamdu lillahi," in ji Sarki. "Shu'aibu, ka koma shanya. Wanda ya ƙara ɗaga maganar nan, da ni yake." Aka shafa fatiha.

Mutane suka taso suna miƙa wa Malam Shu'aibu hannu, yana karɓa da dama, hagu na tallafe da ita. Tsohon mai tsiren ya tsaya a gaban kujerarta ya ce shi ma zai aiko da nasa a duba, don a rufe bakin masu magana. Wani ya ce shi ma. Ta ce ba zai yi amfani ba. Suka ce Allah ya ƙara tawali'u.

A hanyar gida Junaid ya wuce gaba a babur don ya kai wa Inna labari. Ita da Baba suka taka. Sai da suka kusa kwanar gida ya yi magana.

"Na ji abin da kika ce."

"Kai kaɗai ka ji, Baba."

"Zubair ma ya ji." Ya yi 'yan taku. "Kin faɗa. Wuyanki ya fita."

Suka karya kwanar gida.

Da safe an sauke gadajen kara an jera a tsakar gida. Inna ta jiƙa tunkuza tun da asuba. Mutum biyu suna zaune a benci a waje, sun zo kama layi tun kafin a yanka. Hamdiyya ta fito da shirin aiki daidai lokacin da babur ya tsaya a ƙofa. Nafiou ne, da buhu a baya, ɗaure da roba, jini yana ɗiga daga kusurwa ɗaya. Ya kashe inji ya gaida Baba, ya yi masa barka.

Baba ya zagaya buhun. Ya taɓa shi da hannun hagu.

"Nafiou, wa ya yanka?"

"Mutanenmu na kullum, Baba."

"Ka gani da idonka?"

Nafiou ya yi dariya, ya nuna Hamdiyya da haɓa. "Haba Baba, me kuma ya rage? Ba Dokta ta gwada ba?"

Mutanen benci suka yi dariya tare da shi. Baba ya dubi Hamdiyya. Tana tsaye a bakin ƙofa, babur ɗin ya tare hanyar fita, jakarta a kafaɗa. Inna ta leƙo daga ciki tana tambaya ko a kawo babban tire.

"Sauke," in ji Baba.